Bindigar Ummi

Ran wata Asabar da daddare, cikin hunturun 2024, muna zaune a ɗakinmu na karatu a Gangare muna duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai 'yarmu ta fari ta yi sallama ta shigo. Ba za mu faɗi sunanta na yanka ba, domin sunan mahaifiyarmu ta ci, kuma ko ba don haka ba, Bahaushe ba ya kama sunan ɗan fari gatsau a gaban jama'a. Ummi muke ce mata, kowa ma a gidan haka yake kiran ta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ajiye wani ambulan a kan tebur, sa'annan ta ce, "Abba, kuɗin da nake tarawa ne tun da na fara aiki. Ina so ku taimake ni in zaɓi bindiga. Ƙarama, wadda za ta shiga jakata."

Dariya muka fara yi, domin mun ɗauka irin ba'ar nan ce da ta saba yi mana. Da muka ɗaga kai muka dubi fuskarta, sai dariyar ta tsaya mana a maƙoshi. Yarinyar da ba ta iya kallon yankan kaza, ita ce ke tsugune a gabanmu tana maganar bindiga kamar mai neman kuɗin anko.

Kafin mai karatu ya yanke mata hukunci, ya kamata ya san ranar da aka raɗa mata suna. An haifi Ummi ran Juma'a, 31 ga Agusta, 2001, saboda haka ranar suna ta faɗo Juma'a, 7 ga Satumba. Da hantsi aka yanka rago, aka raba goro, maroƙa suka yi ta zuba. Kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe garin Jos. Rikicin da ya tashi a unguwar Kwango-Rasha lokacin sallar Juma'a ya bazu kamar wutar daji, kuma a cikin 'yan kwanakin da aka yi ana gwabzawa an rasa rayuka kusan 1,000, Musulmi da Kirista. Matan da suka zo wunin suna kwana huɗu suka yi a gidanmu, a kan tabarmi da buhu, naman ragon sunan shi ne ya zama abincinsu. Muna da shekara 24 a lokacin, ba mu daɗe da gama digirin farko ba, kuma mun kwana a zaure riƙe da taɓarya, wai muna gadin mai jego.

Tana da shekara 7 aka yi na Nuwamban 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Tana aji uku na firamare aka yi na Janairun 2010, ba a rufa wata biyu ba aka wayi gari da kisan Dogo Nahawa. Ran 20 ga Mayu, 2014, da bama-bamai biyu suka tashi a Taminus suka hallaka mutum fiye da 100, mahaifiyarta ta bar kasuwar ke nan da abin da bai kai rabin sa'a ba. Mu da muka tashi a Jos ɗin da, inda ake kai wa maƙwabci tuwon Salla shi kuma ya aiko da shinkafar Kirsimeti, muna da wani gari a zuciyarmu da muke auna wannan da shi. Ummi ba ta da ma'auni. Dokar hana fita a wurinta wani yanayi ne kamar damina da rani.

Amma wanda ya taɓa ta a jika shi ne na Agustan 2021. Tana karatun aikin jinya, ta kama ɗaki kusa da makarantarsu, a wata unguwa da galibin mazaunanta Kirista ne. Ran 14 ga wata aka tare wasu matafiya Musulmi a hanyar Rukuba, suna dawowa daga Bauci za su Jihar Ondo, aka kashe fiye da 20 daga cikinsu. Gari ya rikice, aka sa dokar hana fita dare da rana, kuma kwanaki kaɗan bayan haka aka kai hari Yelwa Zangam aka kashe mutanen ƙauyen da dama. Kowane ɓangare yana da gawar da yake kuka a kanta, kowanne kuma yana da samarin da ke neman wanda za su huce a kansa. Maigidan da Ummi ke haya a wurinta, wata dattijuwa Kirista da kowa ke kira Mama, ita ta ɓoye ta a ɗakin ajiyar hatsi kwana biyu. Ta ba ta zane da riga irin nasu, ta laƙa mata wani suna, ta ce in an tambaya ta ce 'yar ƙanwarta ce. Mu kuwa muna Gangare, tsakaninmu da ita tafiyar da ba ta kai ta minti 20 a mota ba, amma abin da muka iya yi mata bai wuce kiran waya da raɗa ba, da addu'a.

Yanzu ta gama karatu, tana aiki a wani asibiti da ke ɗaya gefen garin, kuma mako guda a kowane wata aikin dare take yi. Kowa ya san yadda Jos ta rabu tun 2001: akwai unguwannin da mai hijabi ba ta so magariba ta yi mata a ciki, akwai kuma waɗanda mai sarƙar gicciye ba ta so. Mata da yawa daga ɓangarorin biyu sun koyi dabarar tafiya da kaya iri biyu a jaka, a cire wannan a sa wancan gwargwadon inda Keke Napep ya nufa. Da muka tambayi Ummi dalilinta, abin da ta ce ke nan: "Abba, na gaji da sauya kaya don a bar ni da raina. Na gaji da zama 'yar ƙanwar wata."

Ta miƙo mana wayarta. Wani bidiyo ne daga Amurka, wani uba da 'yarsa a kantin sayar da makamai, an jera musu ƙananan bindigogi a kan gilashi kamar agoguna. Mai kanti yana bayani: wannan libarba ce, harsashi biyar take ci, ba ta cika sarƙewa ba, waccan Glock ce ƙirar Ostiriya, tana cin 15, a duba wadda ta zauna daram a tafin hannu, a duba nauyi, a duba irin zabura da take yi in an taɓa kunama. Uban yana ta gyaɗa kai, 'yar tana murmushi. A can, wanda ya kai shekara 21 yana iya sayen irin wannan a wurin dillali mai lasisi bayan an binciki tarihinsa, kuma a 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da cewa ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai haƙƙin ɗan ƙasa ne. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, abin da ya fara zuwa mana hassada ce. Wancan uban an tambaye shi abin da yake da amsarsa.

Da yake mu malaman makaranta ne, kuma malami in abu ya fi ƙarfinsa littafi yake nema, sai muka roƙe ta ta ba mu mako biyu. Muka nemo Dokar Makamai ta 1959, wadda Turawa suka bar mana shekara guda kafin su tafi. Dokar ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin ƙasa shi ne na bindigar toka da danginta, irin ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Lasisinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Kashin tsakiya shi ne na bindigogin farauta na zamani, irin su mai baki biyu. Wannan sai Sufeto Janar. Kashin sama shi ne na haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. A nan ne abin mamaki yake: fistol da libarba, 'yan ƙananan nan da Ummi ke so ta sa a jaka kusa da man leɓe, a jeri ɗaya aka sa su da igwa da roka da bindiga mai sarrafa kanta. Da muka yi tunani sai muka ga hikimar abin. Doguwar bindiga ana ganin ta daga nesa, kuma ana iya cewa don gada ko zomo aka saye ta. Ƙarama kuwa don ɓoyewa aka ƙera ta, ba ta da abin harbi sai mutum. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin shekara 10 ke jiran sa.

Muka je wurin wani abokin karatunmu na firamare da ya yi aikin ɗan sanda ya yi ritaya. Ya saurare mu har muka gama, ya ce, "Dakta, ko gwamna ne kai sai ka sha wuya, balle malamin adabi." Ya tuna mana cewa a 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai baki ɗaya, saboda waɗanda ke hannun jama'a sun yi yawa. Muka ce to, ai manya ne da kansu suka ce a kare kai: Janar T. Y. Ɗanjuma ya faɗa a Jalingo a 2018, Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa a 2021, a 2022 kuma Gwamna Bello Matawalle ya umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, har sai da Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Abokinmu ya yi murmushi, ya ce duk waɗanda muka lissafa ba wanda ke fita ba tare da motar 'yan sanda a gaba da baya ba, kuma ran da aka kama talaka da bindiga ba ɗayansu da zai zo beli.

Ga doka ta rufe ƙofa, ga kuma ƙididdigar da cibiyar nazarin ƙananan makamai ta Jeniba ta fitar a 2018, wadda ta kiyasta bindigogin da ke hannun farar hula a Nijeriya sun haura miliyan 6. Ke nan ƙofar a rufe take ga mai bin doka kaɗai.

Nan ne muka zo wurin da ba mu so mu rubuta. Magana ba ta ɓuya a Gangare. Unguwa ce tsohuwa, tun zamanin haƙar kuza kakanninmu suka zauna a cikinta, gida yana jingine da gida, tari ma in ka yi maƙwabci zai ce maka sannu. Bayan sallar isha'i wata rana, wani mutum da muke gaisawa da shi ya rage tafiya har muka jera, ya ce ya ji muna neman "ƙarfe". Ya ce akwai ƙirar gida, aikin maƙera, mai araha. Akwai kuma 'yar waje, mai tsada. Ya faɗi kuɗi. Kuɗin 'yar wajen ya zo kusan daidai da abin da ke cikin ambulan ɗin Ummi. Mai karatu zai so mu ce mun yi masa tsawa. Ba mu yi ba. Cewa muka yi ya ba mu kwana uku, kuma a cikin kwana ukun nan har mun zaɓi wurin da za a ɓoye ta, a bayan jerin ƙamusoshi, inda yaran gida ba su taɓa kai hannu.

Abin da ya tsayar da mu, in ma tsayawar ce, aji ne. Washegari muna da darasi da 'yan aji uku a kan tsarin wasan kwaikwayo, kuma shekara da shekaru muna koya musu ƙa'idar nan da ake jingina wa marubucin Rasha Anton Chekhov, cewa in an rataye bindiga a bango a fitowa ta farko, to lalle ne a harba ta kafin a rufe labule. Kullum a matsayin dabarar rubutu muke koyar da ita, wato kada marubuci ya shigo da abin da ba zai yi amfani da shi ba. Ran nan muna rubuta ta a allo sai alli ya tsaya. Muka tuna Okonkwo na Chinua Achebe, jarumin da ya mallaki bindiga bai taɓa kashe ko ɓera da ita ba. Sau biyu ta yi ƙara a littafin: sau ɗaya ya auna matarsa da ita cikin fushi Allah Ya kiyaye, sau ɗaya kuma ta fashe a wurin jana'iza ta kashe ɗan mamacin, abin da ya jawo masa gudun hijirar shekara bakwai. Ba abokin gaba ko ɗaya da ta taɓa. Mun sani sarai rayuwa ba wasan kwaikwayo ba ce, akwai bindigogi da yawa da suka yi tsatsa a ƙarƙashin gado ba su cuci kowa ba. Sai dai likitocin Amurka ma, a wani bincike da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a 1993, sun gano cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a yi kisa a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi ɗan gida ne ko na kusa ke yin kisan. A gidanmu akwai ƙannen Ummi maza biyu, ɗaya 17 ɗaya 14, masu jini a jika, waɗanda duk ran da gari ya rikice sai mun kulle ƙofa mun sa makulli a aljihu.

Da mako biyu suka cika muka kira ta, mahaifiyarta na zaune a gefe tana tsince shinkafa. Muka shimfiɗa mata hujjojinmu ɗaya bayan ɗaya kamar muna gaban kwamitin jarrabawa. Muka ce doka ta hana. Muka ce tsakanin Gangare da wurin aikinta akwai shingen jami'an tsaro, kuma ran da aka zazzage jakarta aka ga bindiga, ba za a ce an kama ma'aikaciyar jinya mai tsoro ba, cewa za a yi an kama makami a hannun 'yar Gangare, kuma unguwa duka za ta ɗanɗana kuɗarta. Muka ce abin da take tsoro ba ɓarawo ɗaya ba ne a lungu, taron mutane ne, kuma harsashi biyar ko 15 ba ya korar mutum 200, sai dai ya ba su hujjar da suke nema. Muka ce a 2021 da an ji ƙarar harbi daga ɗakin hatsin nan, da ita da Mama da gidan duka an ƙone. Muka kawo mata labarin Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ba ko sanda a hannunsa, maharan suka juya.

Ta bari har muka kai aya, domin yarinya ce mai ladabi. Sa'annan ta ce, "Abba, duk na ji. Amma Liman roƙon su ya yi. Mama ma ƙarya ta yi musu, suka ga dama suka yarda. Ran da ba su ga dama ba fa? Ran da babu Mama a gidan fa?" Ta ɗan yi shiru, ta ƙara da cewa, "Ku kuna koyar da Gandoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, kuna ba mu labarin Amina ta Zazzau tun muna yara. Ba ku taɓa ba mu labarin wadda ta ɓuya a bayan buhun masara ta zama jaruma ba."

Muna da digiri uku a fannin magana, amma ba mu sami abin cewa ba. Gaskiyarta ce, adabin da muke ci da shi cike yake da kirarin masu takobi, kuma mu da bakinmu muka yi ta rera mata shi. Gaskiyarta ce kuma cewa duk hujjojinmu sun tsaya ne a kan alherin wani, alhali ita abin da take nema shi ne abu guda da zai kasance a hannunta, ba sai ta jira an ji tausayinta ba. Abin da ba mu iya furtawa ba a daren shi ne, neman da ta yi shaida ce a kanmu. 'Ya ba ta tara albashinta na wata tara don sayen bindiga sai ta gama tabbatarwa ubanta ba zai iya zuwa ba in ta kira. Ta tabbatar da haka a 2021, ta wayar da muke yi mata raɗa.

Mahaifiyarta ce ta katse shirun. Ba ta ɗago daga faifanta ba ta ce, "Malam, ranar sunanta da taɓarya ka kwana. Da bindiga ce a hannunka ran nan, da wa za ka harba? Ka san ko su waye suka wuce ta ƙofar gidan nan da asuba?" Mun sani. Wasu Inyamurai ne masu sayar da kayan mota, su uku, suna neman hanyar barikin soja, kuma a cikin duhu da tsoro mun ɗauka mahara ne, har mun ɗaga taɓarya. Tsohon limamin unguwarmu ne, Allah Ya jiƙansa, ya gane su ya raka su. Ba mu taɓa ba Ummi wannan labari ba sai ran nan. Ta saurara, ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba.

Mun gaya wa mutumin nan na bayan isha'i cewa mun fasa. Ya ce ba komai, duk ran da muka sake shawara yana nan. Abin da muka iya yi wa Ummi kaɗan ne, har muna jin kunyar lissafa shi. Mun sami wani mai Keke Napep amintacce da ke kai ta yana ɗauko ta. Makon da take aikin dare ba ta dawowa sai rana ta fito. Akwai wata abokiyar aikinta Kirista da suka yi yarjejeniya, in gari ya rikice Ummi na can za ta kwana gidansu, in abokiyar na wannan gefe za ta kwana gidanmu, har mun ware mata katifa. Kowace Salla muna kai wa Mama cinyar rago da kanmu. Kaya iri biyu dai har yanzu suna cikin jakar.

Ambulan ɗin kuwa ta ƙi karɓa. Mun ce ta sayi keken ɗinki ko ta ƙara a kuɗin kayan ɗaki, ta ce mu ajiye mata tukuna. Yana cikin aljihun teburinmu, a ƙarƙashin takardun jarrabawa. Makon jiya, da aka yi wata 'yar hatsaniya a bakin kasuwa har masu shaguna suka fara ja da ƙofofi, ta kira mu daga asibiti ta ce lafiya lau take, kada mu fito. Kafin ta kashe wayar ta ce, "Abba, ajiyata tana nan ko?" Muka ce tana nan.